Neman shawara: muryata ta dishe, lambar da manhaja ta nuna min ta tayar min da hankali

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni malama ce, ƙananan yara nake koyarwa, tun safe har a tashi muryata a sama take, bayan haka kuma ina koyon waƙa ni kaɗai saboda abu ne da nake so tun ina ƙarama. To yau kusan wata biyu kenan muryar ta dishe, da safe ta ɗan saki amma kafin rana ta yi tsaka ta shaƙe, in na zo hawa sama a waƙa sai ta karye ko iska zalla ta fito. Ƙanina ya sa min wata manhajar nazarin murya mai suna Praat a kwamfuta, na naɗi muryata a waya ina karanta wasu layuka na tura masa ta WhatsApp ya buɗe a ciki, sai ga wata lamba wai jitta 2.3%, na bincika na ga an ce in ta wuce 1.04% akwai matsala. Wlh tun ranar ban samu natsuwa ba, da muryar nan nake ci nake sha. Shin manhajar za ta iya gaya min abin da ke damun maƙogwarona? Kuma akwai wadda zan dinga atisaye da ita muryar ta dawo ba sai na je wajen kowa ba?

Wani mai aikin haɗa sauti:
Wa alaikumus salam Malama, ki fara ajiye lambar nan gefe. Praat kam ba ta da laifi, malamai biyu ne na jami'ar Amsterdam, Paul Boersma da David Weenink, suka ƙirƙire ta, kyauta ce kuma masu nazarin harshe a duniya da ita suke aiki, amma abin da kika ba ta shi za ta auna. Jitta ɗin nan tana duba ne ko kaɗawar igiyoyin murya na tafiya daidai da juna, kaɗawa ɗaya da mai bi mata, bambancin ɗan mitsitsi ne sosai, shi kuma WhatsApp matse sauti yake yana zubar da wani abu a ciki don fayil ya yi ƙarami, to kin ga tun daga nan awon ya gurɓata. Sannan ba a kan karatu ake auna ta ba, Hausa ma da kowace gaɓa murya na hawa tana sauka. "Aaa" ake riƙewa kamar sakan 5 a ɗakin da ba fanka ba hayaniya, makirufo a nisa ɗaya kullum, a ajiye a WAV, wato tsarin fayil da ba ya matse sauti, manhajar naɗar sauti ta Audacity ma za ta yi miki wannan. Ita 1.04% ɗin kuma daga wata manhaja daban aka ɗauko ta mai suna MDVP, lissafinsu ba ɗaya ba ne.

Wata mai aikin gyaran murya da magana:
'Yar uwa abin da ya faɗa haka ne, amma ni ba lambar ce ta dame ni ba, wata biyun ne. Ƙa'idar da likitocin kunne, hanci da maƙogwaro na Amurka suka sabunta a 2018 ta ce dishewar da ta wuce sati 4 a leƙa maƙogwaro da kyamara. Dalili kuwa, ƙulluwar da ke fitowa a igiyoyin murya saboda yawan ɗaga murya, wadda ta fi kama malamai da mawaƙa, da ruwan ciki mai tsami da ke tasowa ya ƙona wajen, da igiya ɗaya da ta daina motsi, duk a kunne kusan iri ɗaya suke, a allon kwamfuta ma haka, maganinsu kuwa kowanne daban. Ba manhajar da ke ganin cikin maƙoshi. Mu a wajen aiki muna amfani da ita ne mu naɗi muryar mutum ranar farko mu sake bayan sati shida mu kwatanta, shi ma ya gani da idonsa ya samu ƙarfin gwiwa.
Kafin ki ga likita ki jingine waƙar tukuna, ki daina raɗa don takura maƙogwaro take, ki rage gyaran murya da kakin nan, ki yawaita shan ruwa, in da hali ki samu 'yar lasifikar da ake ratayawa a ƙugu ki daina gasa da surutun yara.

Wata mamba:
Allah ya ba ki lafiya Malama. Nima na yi irinsa, na ja lokaci ina cewa mura ce, da aka duba ƙulluwa ce a gefe biyun, ba a min aiki ba atisaye kawai aka ɗora ni a kai, har da na hura murya ta bututun shan lemo, a hankali ta dawo. Ki je dan Allah.

Wani malamin waƙa:
Ƙanwata in muryar ta warke to a nan manhaja za ta miki rana sosai. Manhajar Sing&See tana zana miki layin muryarki nan take kina rerawa, ki ga ko kin sauka ƙasa da sautin da ake so ko kin haura, misali sautin da ake daidaita kayan kiɗa da shi 440 Hz ne, wato kaɗawa 440 a sakan ɗaya, in kina 430 za ki gani ƙarara alhali kunnenki yana ce miki daidai kike. VoceVista ta fi zurfi, ta fi dacewa da wanda ya yi nisa. Sai dai na sha ganin ɗalibi ya kafe ido a allo yana matse wuya don layi ya miƙe, layin ya yi kyau muryar kuma tana wahala, manhaja ba za ta ce miki kafaɗarki ta ɗaga ko haɓarki ta ƙage ba. Ni yadda nake sa su yi, su rera sau ɗaya suna kallo, sau biyu ido a rufe.

Wani mamba:
Ku gafarce ni na shigo da tawa, yarona ɗan shekara 5 yana in'ina, na ji ana maganar wata manhaja da ake sa abin kunne, ko zan gwada masa?

Mai gyaran murya da magana:
Baban yaro, manhajar nan dawo wa mutum da muryarsa take a kunne da ɗan jinkiri kaɗan, wasu manya tana sassauta musu in'ina muddin abin na kunne, da an cire galibi sai ta dawo. A shekarunsa ba da ita ake farawa ba, zama da mai gyaran magana ne tare da ku iyaye, kuma ku daina ƙarasa masa kalma ko ce masa ya yi sauri.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, gsky hankalina ya ɗan kwanta. Zan nemi ganin likitan cikin satin nan in sha Allah. Anti ko in naɗi "aaa" ɗin yadda aka kwatanta in tafi masa da shi?

Mai gyaran murya da magana:
Ki naɗa, ɗaya da safe ɗaya bayan an tashi daga makaranta, ki rubuta kwanan wata a sunan kowanne, ki kuma duba agogo ki ga sakan nawa kike iya riƙe ta da numfashi ɗaya, shi ma za a tambaye ki.