Muhawara: "Zan je bikin giyar Bordo, amma ba zan sha ba"

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shugaban sashenmu ya gayyaci dukan ɗaliban bincike zuwa bikin giyar inabi da ake yi a bakin kogin Garon, nan birnin Bordo na Faransa, a watan Yuni, daga nan a wuce cin abincin dare tare. Ni a ganina babu laifi in je tunda ba zan sha ba. Shiga wurin kyauta ne. Mai son ɗanɗanawa shi ke sayen tikiti, a ba shi kofin gilashi ya rataya a wuya yana bin rumfuna. Ni ba zan saya ba. In kalli tsofaffin jiragen ruwan nan masu tafiya da iska, in gaisa da jama'a, in koma gida.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nasiru ƙanena, ayar Suratul Ma'ida ba ta tsaya kan hana sha ba, cewa ta yi a nisance ta. Kuma akwai hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito: wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Taron da tun 1998 aka kafa shi don tallata giya, me ya kai ka?

Zainabu: Malam, da girmamawa, bakin Garon hanya ce ta kowa. Nan nake bi kullum in na taso daga aiki, nan yara ke wasa a madubin ruwa, shimfiɗaɗɗen ruwan nan mara zurfi da ke gaban dandalin Place de la Bourse. Don an kafa rumfuna kwana huɗu sai hanyar ta haramta? Kantin da muke sayen shinkafa ma layin kwalabe ne daga wannan bango zuwa wancan. Kuma ku da kuka daɗe a Faransa kun sani, a kan tebur ake sanin wane ne za a tuna da shi in gurbin aiki ya fito. Yaron nan shi kaɗai ne baƙar fata a sashensu. In kullum ba ya nan, za a ce ba ya son mutane.

Malam Habu: Shiga kanti larura ce, Zainabu. Shinkafa kika je saya. Arziki kuma na Allah ne, ba na shugaban sashe ba.

Hajiya Rakiya: Ku duka kuna ta maganar kofi, kun manta da tukunya. Shekara shida na yi ina aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a garin nan. Ɗana Nasiru, a irin wannan walima abin da za a fara yaba maka shi ne entrecôte à la bordelaise, wato gasasshen naman sa da miya. Da idona nake ganin yadda ake haɗa miyarsa: a soya ƙananan albasa da man shanu, a tuttula jar giya, a bar ta tana tafasa har ta yi kauri, a sa ɓargo, a zuba kan naman. In ta zo gabanka launin ƙasa-ƙasa ce kamar romon farfesu, ba abin da zai nuna maka. Kifin lamproie ma cikin jar giya ake dafa shi. Har ɗan kek ɗin nan canelé da ɗalibanmu ke saye su kai tsaraba gida, ana sa masa barasar rum a ƙullun. Na sha faɗa musu, wasu har ransu ya ɓaci. Ban ma taɓo maganar yankan naman ba.

Nasiru: Innalillahi. Hajiya, canelé kam na ci ba sau ɗaya ba. Amma ba an ce wuta tana kore barasar ba?

Hajiya Rakiya: Tana rage ta, ba ta kore ta duka. Wanda ka ci a rashin sani Allah Ya yafe mana. Akwai masu yi ba rum, sai ka tambaya kafin ka saya.

Ibrahim: Ni ina ganin abu biyu aka haɗa. Tsayawa a bakin kogi kallon jirage daban, zama a teburin da ake cika kofuna ana ɗagawa daban. Hadisin da Malam ya kawo tebur ya ambata. Lokacin da nake karatu na faɗa wa malamina gaskiya tun farko, cewa ba na zama inda ake sha. Ya ɗan yi shiru, daga baya da kansa yake kirana shan kofi da safe, a nan muke tattauna aikina.

Zainabu: Yaya Ibrahim, kai ka dace da mutumin kirki. Ba kowa ne haka ba. Na san wadda ta yi irin wannan bayani, tun daga ranar aka daina sanar da ita ko taron aiki.

Malam Habu: Allah Ya musanya mata da mafi alheri. Amma ni ko bakin kogin ban yarda ba a kwanakin nan, don tsayuwarka tana ƙara wa taron yawa.

Nasiru: Na gode ƙwarai. Cin abincin dare dai na fasa, gobe zan sami shugaban a ofis in yi masa bayani baki da baki. Zuwa bakin kogin ne har yanzu zuciyata ba ta tsaya ba. Yaya Ibrahim, don Allah turo mini yadda ka tsara maganar da Faransanci, kada in je in yi ta kame-kame a gabansa.