Birkin baya na Golf 3 yana ƙara, zan iya canza shu (takalmin birkin da ke kama taya) da kaina?

Mai Golf:
Salam 'yan uwa. Golf 3 ɗina in na taka birki sai in ji ƙiiii daga tayar baya, hambirki ma sai na ja shi har sama yake kamawa. Na sayo sabon shu, ina son in sa da kaina a gida ran Asabar, amma dram ɗin, wato kwanon ƙarfen da ya rufe shu, ya ƙi fita. Don Allah a taimaka.

Tsohon Bakanike:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Saki hambirkin tukuna ka sa wa tayoyin gaba dutse. Dram ɗin Golf haɗe yake da boris, sai ka cire murfin giris da fin da notin tsakiya, in ya cije ka zura sukudireba ta ramin notin taya ka tura ɗan ƙarfen nan mai gyara tazara sama, shu zai saki. Kada ka bubbuga da hama.

Direban Kano-Zariya:
Oga ya gama magana. Ni dai ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa sifirin ko ɗaya, kuma gefe ɗaya za ka fara, ɗayan ya zame maka abin dubawa, ni na taɓa kwance duka biyun wallahi har magariba ina fama. Duka gefen biyu ake canzawa fa.

Tsohon Bakanike:
Ka duba silindar da ke tura shu, in man birki na yoyo canza ta, zai jiƙa sabon shu. Kuma kar ka yarda da jak kaɗai, tokare motar da katako mai kauri.

Mai Golf:
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Giris ɗin boris fa, sabo zan sa?