Maki 9 cikin 10 a kan shafi ashirin: yadda ta kaure a zauren masu karatun komik

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Yau kam sai na amayar da abin da ke cikina. Akwai wani mai sharhin komik, wato littattafan labari cikin zane, da nake bi kusan shekara biyu, duk Laraba da daddare sai ya jero sababbin fitowar makon ya raba musu maki. Makon jiya ya ba wata fitowa ta ɗaya 9 cikin 10, har yana cewa wanda bai karanta ba an bar shi a tasha. Na cire dala 4.99 na saya a waya. Wallahi shafi ashirin da 'yan kai ne, jarumin bai ko sa rigarsa ba sai a shafin ƙarshe. Mutum biyu na hira a kan rufin bene, ruwan sama na zuba, shi ke nan. Labarin nan sai an yi fitowa biyar ko shida zai kammala, to ta yaya za ka yanke masa hukunci da kashi ɗaya? Ka lashi gishiri ka ce miya ta yi daɗi? Ni a wurina sharhin mako-mako talla ne kawai, da wannan tatsuniyar tasu ake cinye mana kuɗi.

Gizo-gizon Zazzau: Wa alaikumus salam. Amma tsaya, Malam. Tatsuniya ka ce?

Ɗan Fagge: Ba nan maganata take ba. A kan masu sharhi nake magana.

Gizo-gizon Zazzau: A'a, ka faɗa ai. Mu da muka yi shekara goma muna bin Spider-Man masu sauraron tatsuniya ne ke nan? Sai ka shimfiɗa mana tabarma ka ce ga ta nan ga ta nanku.

Anti Mai Littafi: Ta zo mu ji ta.

Ɗan Autan Zaure: Anti ke ma? 😂

Malam Na Baya: Ni kuma ban ga abin jin haushi ba. Mene ne aibin tatsuniya? Kai da ka laƙaba wa kanka sunan gizo ma kake gudun kalmar. Mu da Gizo muka tashi, su kuma suka ɗauko wani yaro a Niu Yok gizo-gizo ya cije shi a 1962. Gizo dai Gizo ne, sai dai namu ya fi wayo, nasu kullum bai da kuɗin haya.

Gizo-gizon Zazzau: Malam, da girmanka. Tatsuniya ba ta da marubuci, ba wanda ya san wanda ya fara ta. Spider-Man kuwa an san masu shi, Stan Lee da Steve Ditko, an san fitowar da ya fara bayyana, Amazing Fantasy ta 15. Abu mai tarihi da lamba ba a ce masa tatsuniya.

Anti Mai Littafi: Ni hujjata daban ce, kuma ta fi taka, ƙanena. Tatsuniya tana da ƙurunƙus. Kaka za ta ce ƙurunƙus kan kusu, kowa ya tashi ya kwanta. Su waɗannan fa? Superman tun 1938 ake abu ɗaya, Batman tun 1939. An kashe Superman a ƙarshen 1992, jaridun Amurka suka ɗauka, mutane suka yi layi suna saye suna ɓoyewa, kafin 1993 ta ƙare ya dawo har da dogon gashi. Kyaftin Amurka aka harbe shi a 2007, 2009 ga shi nan garau. Abin da ba ya ƙarewa bai kai darajar tatsuniya ba ma. Don haka Ɗan Fagge ya yi musu alfarma ne.

Malam Na Baya: Hajiya, Gizo ma ai haka yake. A wannan tatsuniyar a jefa shi a wuta, gobe da daddare ga shi ya fito yana yi wa Kura wayo, ba wanda ke tambayar yadda aka yi ya tsira. Bambancin kawai kakarmu ba ta karɓar dala biyar.

Anti Mai Littafi: Kuma ba ta rantse mana cewa wannan karon mutuwar gaske ce.

Ɗan Fagge: Jama'a, maganar maki nake yi fa.

Jemagen Dare: Wai tukuna, littafin wane kamfani ne? Ka faɗi suna mu ji. Na rantse na Marvel ne, su ne ke jan labari kamar ƙarzuwa.

Ɗan Fagge: Ba zan faɗa ba, don na san ku. Ina faɗa za ku bar maganar ku koma rigimar kamfani.

Jemagen Dare: Ya tabbata na Marvel ne.

Gizo-gizon Zazzau: Daga ina ya tabbata? Rufin bene, ruwan sama, mutum biyu na hira cikin duhu. Wannan ai ko makaho ya shafa ya san Gotham ce, garin Batman na kamfanin DC.

Ɗan Shikago: Bari in sa baki a matsayina na wanda ke zuwa shagon da ƙafarsa. A nan Laraba ita ce ranar sababbin fitowa, kuma akwai abin da ba ku lura da shi ba. Mai shago makonni kafin littafi ya fito yake yin odarsa, kuma galibi abin da ya saya ya saya, ba ya mayarwa in ya yi kwantai. Mu masu saye kowa na da jerin littattafan da ake ajiye masa a bayan kanta. In ka ce za ka jira a haɗa fitowa shida a littafi guda kafin ka yanke hukunci, wani labarin kafin lokacin an soke shi saboda rashin ciniki. Shi ya sa mai sharhi ke magana a makon da abu ya fito, lokacin ne maganarsa ke da amfani.

Jemagen Dare: Yallaɓai, DC ai Talata take fitar da nata.

Ɗan Shikago: Da kenan. Sun koma Talata a 2020, lokacin korona, da suka rabu da kamfanin rarrabawa na Diamond. A 2024 suka dawo Laraba.

Jemagen Dare: Ni dai na san Talata.

Ɗan Shikago: Ɗan'uwa, jiya-jiyan nan na fito daga shagon.

Ɗan Autan Zaure: Yaya Jemage a waya yake saukewa kyauta, shi ya sa kwanakin suka rikice masa.

Jemagen Dare: Kai yaro, ka kiyaye ni. Wa ya ce maka kyauta nake saukewa?

Ɗan Autan Zaure: Kai ka turo mini wancan fayil ɗin ai, mai hatimin wasu mutane a shafin ƙarshe. Allah ya huci zuciyarka.

Malam Na Baya: To tunda an zo nan, a daina ɓoye-ɓoye. Mu nawa ne a zauren nan ke biya? In ban da Ɗan Shikago da wannan bawan Allah da aka cinye wa dala biyar, kowa ya yi shiru.

Anti Mai Littafi: Ni ina biyan kuɗin wata a manhaja, sai dai sababbin ba sa shigowa sai bayan watanni. Kafin in karanta, masu sharhin sun gama tona mini komai. Kamala Khan, jarumar Marvel, ita ce ta fi ƙona mini rai. Yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan da ke Jersey City, ta samu littafinta na kanta a 2014, 'ya'yana mata suna sonta. A watan Mayun 2023 aka kashe ta, ba ma a littafinta ba, a cikin Amazing Spider-Man ta 26. Watan Yuli ta dawo. Wata biyu! Ko takaba ba a gama ba. Ga fim ɗinta na jiran Nuwamba, kowa ya san ba za a bar ta a kabari ba. In wannan ba tatsuniya ba ce, a gaya mini sunansa.

Gizo-gizon Zazzau: Anti, ɗazu kika ce bai kai darajar tatsuniya ba, yanzu kin ce tatsuniya ce. Wanne za mu ɗauka?

Anti Mai Littafi: Ka ɗauki wanda ya fi maka zafi.

Jemagen Dare: Ka ji aikin Marvel. Su ne fa a 2007 suka sa Peter Parker, wato Spider-Man, ya yi ciniki da shaiɗan, aka shafe aurensa da Mary Jane kamar ba a taɓa ɗaurawa ba. Auren da aka ɗaura tun 1987, shekara ashirin. Ko kotu ba ta raba aure haka.

Gizo-gizon Zazzau: Wannan kam ba zan kare ba, har yau yana mini ciwo. Amma ka karanta Ultimate Spider-Man na 2024 da Jonathan Hickman ya rubuta? Peter magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu. Sannan ku 'yan DC da kuke magana, ba ku ne a 1988 kuka buɗe layin tarho mutane su zaɓa ko a kashe Robin, yaron Batman, ko a bar shi ba? Da ratar ƙuri'a 72 aka kashe yaron. A 2005 kuma kuka tono shi.

Jemagen Dare: Wannan ai dimokuraɗiyya ce.

Gizo-gizon Zazzau: A 2011 kuka share komai kuka mayar da littattafai 52 lamba ta ɗaya, daga baya kuka dawo da tsohuwar lambar Action Comics, mujallar Superman, don ku yi bikin ta 1000 a 2018. Wannan kuma maguɗi ne.

Jemagen Dare: Je ka karanta Absolute Batman ka dawo mu yi magana. Oktoban 2024, Scott Snyder da Nick Dragotta. Bruce Wayne, wato Batman, ba gado, ba katafaren gida, injiniya ne ɗan talakawa, ubansa malamin makaranta, uwarsa na raye. Fitowa ta ɗaya kaɗai ta ishe ka ka san an yi aiki. Duk mai sharhin da ya ba ta 10 bai yi ƙarya ba.

Ɗan Fagge: Yawwa! Ga maganata an dawo. Fitowa ta ɗaya kaɗai ba ta isa ba, shi ne abin da nake cewa. A 1962 shafi 11 kacal aka ba da asalin Spider-Man, cizon gizo, mutuwar kawunsa Ben, komai. A 2000 da aka sake ba da labarin nan sai da aka ci fitowa bakwai. Yanzu don haɗaɗɗen littafi ake rubutu, shi kuwa mai sharhi yana auna yanki kamar cikakke.

Malam Na Baya: Kawu ne ko baffa? Ben Parker ɗan'uwan uban Peter ne, sunansu ɗaya. Baffa ne.

Ɗan Autan Zaure: Mu a gidanmu duk kawu muke cewa.

Malam Na Baya: Gidanku sun ɓata Hausa. Kawu ɗan'uwan uwa ne.

Anti Mai Littafi: Malam ya yi gaskiya, Baffa Ben. Ita kuma May matar baffa ce, ba goggo ba ce ta jini.

Ɗan Fagge: Innalillahi.

Ɗan Shikago: Ɗan Fagge, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, amma ba duk masu sharhi ne 'yan talla ba. Ka nemi wanda ke gaya maka abin da ke cikin shafukan, zanen ya yi ko bai yi ba, labarin ya motsa ko yana tsaye. Lambar makin kuwa ka yi watsi da ita, kusan kowa tsakanin 7 da 9 yake yawo.

Gizo-gizon Zazzau: Ni har yanzu ina jiran ya janye kalmar tatsuniya.

Jemagen Dare: Kuma tunda ka kawo zancen masu shi ɗazu, Stan Lee ya sha suna, masu zane Jack Kirby da Ditko suka sha wahala. Iyalan Kirby sai 2014 suka sasanta da kamfanin Marvel, shekara ashirin bayan rasuwarsa.

Gizo-gizon Zazzau: Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Siegel da Shuster da suka ƙirƙiri Superman, dala 130 aka ba su a kansa. Bill Finger, wanda aka ƙirƙiri Batman tare da shi, ya rasu a 1974, sunansa bai hau kan Batman ba sai 2015, Bob Kane shi kaɗai ake rubutawa. Kwafi ɗaya na Action Comics ta farko kuwa dala miliyan 6 aka sayar da shi a 2024.

Jemagen Dare: An dai gyara daga baya.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, saƙo ya haura ɗari tun la'asar, masu aiki suna ƙorafi. Ga abin da na fahimta. Na farko, an amince cewa kisan Kamala Khan da raba auren Peter Parker abin kunya ne, har mai kare Marvel ya amsa da bakinsa. Na biyu, Absolute Batman ta nuna cewa fitowa ɗaya tak tana iya cancantar cikakken maki in an samu marubuci na gaske, don haka ƙorafin Ɗan Fagge ya fi shafar wancan ɓangaren na Marvel. Na uku, kalmar tatsuniya ta dace da wasu kamfanonin, ba duka ba. Baffa Ben ne, ba kawu ba. Maganar wanda ke biya da wanda ba ya biya kuma an rufe ta, kada a sake tayar da ita.

Gizo-gizon Zazzau: Ranka ya daɗe, ina Robin? Ina Bill Finger? Hoton jemage ne fa a kan lambarka.

Shugaban Zaure: Taƙaitawa na yi, ba komai ke shiga ba.

Ɗan Fagge: Shugaba, ni ban ce wane ɓangare ba ne, kuma ba zan faɗa ba. Fitowa ta biyu Laraba mai zuwa za ta fito.

Ɗan Autan Zaure: Za ka saya, Yaya?

Ɗan Fagge: To ya zan yi, ina so in ga abin da zai yi da rigar.