Neman shawara kan kwalekwalen alminiyam da injinsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Kubwa, amma kawuna yana su a dam ɗin Shiroro, kuma kwalekwalensa na katako ya gaji da faci. Na ɗauki alkawarin yi masa na alminiyam mai tsawon mita 6. Na sayi faranti mai kaurin milimita 3, mai waldar iskar argon, wadda ake haɗa alminiyam da ita, kuma ya yanka, sai aiki ya tsaya mana wajen gindi da baya.

Kawu yana son gindi shimfiɗaɗɗe don ya shiga ruwa mara zurfi ya ja koma. Ni kuwa iskar yamma nake tsoro, don shimfiɗaɗɗen gindi yana dukan igiyar ruwa, kuma wannan dukan ne ke tsaga walda a hankali. Shin ƙara haƙarƙari a ciki zai wadatar, ko dole a ɗan tsuke gaban?

Batun inji ya fi damuna. Mai walda ba zai yanke allon baya da ake ɗaura inji a kai ba sai na faɗa masa tsayinsa, inci 15 na gajeren inji ko 20 na dogo. In aka kuskure, farfela iska za ta riƙa sha. Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 kuɗina ke kaiwa, kuma kowane makaniki ya san shi. Amma zai iya da mutum uku da kaya da kifi, ko sai mai doki 40?

Don Allah wanda ya taɓa haɗa irinsa ya taimaka, kafin damina ta sauka.