Zan kai Inna Kumasi wurin ƙaninta, amma ni ma ina son ganin gari

Mai tambaya, Tudun Wada, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Mahaifiyata tana da ƙani a Kumasi, ƙasar Gana, a unguwar Aboabo. Tun yana saurayi ya bi masu fataucin goro, ya yi aure a can, yanzu har da jikoki. Rabonsu da ganin juna ya haura shekara 30, sai dai waya. Bana Allah ya hore, na samu hutun kwana 14 a wurin aiki, na ce zan kai ta. Ban taɓa fita Najeriya ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son in zaga Accra, in ga teku da idona. Tsorona kada in je in ƙare a kan tabarma ana ta gaishe-gaishe har hutun ya ƙare. Mota za mu bi ko jirgi? Waɗanne takardu ake nema? Ya zan raba kwanakin Kawu bai ji babu daɗi ba?

Ɗan kasuwa, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Biza babu ita, Gana tana cikin ECOWAS, fasfo ya wadatar har kwana 90. Amma kai mai neman shawara, ka fara da allurar shawara! Ba a wasa da katin nan mai ruwan ɗorawa. Ku yi ta da wuri, don sai bayan kwana 10 katin yake fara aiki, daga nan kuma ya zama na har abada. Maganar hanya, ni mota nake bi: Legas, Kwatano, Lome, a shiga Gana ta Aflao. Akwai sauƙin kuɗi, ga kallon bakin teku kyauta.

Hajiya, Kofar Doka:
Alhaji, kai ka saba, kuma kaya kake rakiya ba tsohuwa ba. Ɗana, kada ka soma. Zariya zuwa Legas kaɗai yini ne har da dare, sannan ga iyaka uku, kowace a sauko a bi layi. Na taɓa bi da yayata, a wata iyakar muka shafe awa huɗu a tsaye, ƙafafunta suka kumbura, kwana uku ba ta taka ƙasa da daɗi ba. Ku je Kaduna ku hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, daga nan jirgin sama zuwa Accra. Abin da ka tara don yawo, rage shi ka saya mata hutu.

Sannan batun tabarma da kake tsoro. Ai ita ce tafiyar. Kwana huɗun farko ka manta da kanka. Za a zo daga gida-gida ganin 'yar'uwar maigida daga ƙasar Hausa, kai kuma za a riƙa nuna ka ana cewa ga ɗan wance. Ka zauna, ka ci abin da aka kawo, ka je ka gaida surukan Kawunka da limamin unguwa. In ka yi haka, ranar da ka ce za ka fita, su da kansu za su haɗa ka da ɗan rakiya. In kuwa ka sauke jaka ka kama yawo, maganar za ta riga ka dawowa Zariya.

Malami, Samaru:
Hajiya ta gama magana. Na yi wata biyu a Kumasi, abin da zan ƙara shi ne garin ma ya ishe ka kallo ba sai ka matsa nesa ba. Kasuwar Kejetia tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kada ka shiga kai kaɗai ranar farko, ɓata za ka yi. Ka je fadar Manhyia, gidan sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na biyu, wanda yake kan gado tun 1999. A gidan tarihin fadar ne aka baje wasu daga cikin kayan zinariyar da Turawan Ingila suka kwasa a yaƙin 1874, waɗanda aka dawo da su a 2024, wai kuma aro aka ba masu kayan. In tafiyarku ta dace da Akwasidae, bikin da ake yi ranar Lahadi duk bayan mako shida, za ka ga sarauta irin tasu: laima da tambura kamar namu, sai dai doki babu.

Hausa kuwa za ta kai ka ko'ina a zango, wato unguwannin Hausawa, amma ka shirya kunnenka. Ba su cika raba mace da namiji a magana ba, za ka ji an ce Inna "ya zo". Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa kowa. Da safe ka nemi koko, da rana waakye, wato shinkafa da wake ce sunan ya lanƙwashe.

Ɗaliba, Kongo:
Yaya, Accra ka bar ta ƙarshe. Kimanin kilomita 250 ne daga Kumasi, awa biyar zuwa shida a bas in hanya ta cushe. Ka bar Inna wurin Kawu ka yi kwana uku: unguwar Nima, babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda aka buɗe a 2021, makwancin Kwame Nkrumah, kasuwar Makola. Teku kuma ga ta nan a bakin gari. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, ka kula ranar jirgi.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari:
To na sallama, a bi jirgin. Tsaraba dai kada a kai musu abin da suke da shi. Shiga cikin birni ka sa a yi wa Kawu babbar riga ɗinkin hannu da hula, wannan zai sa ranar Juma'a ya ce daga gida ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Hajiya na ji kuma na ɗauka. Jibi za mu je allura. Na karanta wa Inna duka, ta yarda da komai ban da maganar tsaraba. Ta ce daddawa da kuka sai ta tafi da su ko a ka za ta ɗauka, wai ƙaninta tun yana yaro ba ya cin miyar kowa sai tata.