Zauren Masu Sana'a na Gombe: Wane dandali ne ke kawo ciniki?

Mai Turare, Jekadafari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Turaren wuta da humra nake haɗawa, amma cinikina bai wuce unguwa ba. Ɗan yayata ya dage sai na buɗe LinkedIn. Don Allah waɗanda suka riga mu, ina ake samun masu saye na gaske?

Injiniyan Sola, Tumfure: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni LinkedIn ya yi mini rana, amma ba zan tura ki can ba. Wuri ne na ma'aikata da kamfanoni: ka rubuta karatunka da ayyukan da ka yi, masu ɗaukar ma'aikata su gani. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa maso Gabas suna sa guraben aiki a can, shi ya sa nake matsa wa ƙannenmu da suka gama jami'ar Kashere da jami'ar jiha su buɗe. Sai dai kusan komai da Turanci ake yi, kuma uwar amarya mai neman humra ba can za ta leƙa ba.

Tela, Pantami: Anti, ki fara da WhatsApp Business. Tun 2018 yake, kuma kyauta ne. Akwai wurin jera kaya, kowace kwalba da hotonta da farashinta, ba sai kin yi ta amsa "nawa ne" har dare ba. Kina iya sa wa kowane mai saye alama: wannan ya biya, wannan da saura, wannan an tura masa. Idan kina wurin biki, saƙon da kika tanada zai amsa a madadinki. Abu ɗaya da mutane ke mantawa: status ɗinki ba mai gani sai wanda ya ajiye lambarki, ke ma kika ajiye tasa. Don haka duk wadda ta sayi ko da na ɗari biyar ne, ku yi musayar lamba kafin ta fita.

Mai Lalle, Bolari: Gaskiya ne Yaya, amma WhatsApp waɗanda suka san ka yake riƙe maka. Baƙi daga Instagram da TikTok suke zuwa. Hajiya ki ɗauki bidiyon kasko yana hayaƙi, ki yi bayani da Hausa, ki rubuta Gombe a jiki. Ba dole ki nuna fuska ba, ni hannu kawai nake ɗauka.

Tela, Pantami: Data fa, ƙanwata?

Mai Lalle, Bolari: Tana ci, ba musu. Bidiyo biyu a mako sun isa.

Dillalin Hatsi, Tudun Hatsi: Mu namu a Facebook yake. 'Yan Kano da Jos a zaurukan kasuwanci suke ganin farashin wake da masara, su kira, mu loda. Amma Hajiya ki kiyaye, kada kaya su bar hannunki zuwa tasha don an turo miki hoton rasit. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki. Wani yaronmu buhu uku ya rasa a haka, har yau abin yana mini ciwo.

Malamin Lissafi, Kumo: Ku bar ni in ƙara abin da ya fi damuna. Duk waɗannan rumfunan haya ne, ba namu ba. A watan Oktoba na 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Twitter kuma an rufe shi a Najeriya daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Ki sami littafi ki riƙa rubuta suna da lambar kowane mai saye. Ki kunna lambar sirri ta biyu a WhatsApp, kuma duk wanda ya kira yana neman lambobi shida da aka turo miki, ki kashe wayar, ɓarawo ne. In hali ya samu ki yi rajistar sunan kasuwancinki da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, baƙo ya fi sakin jiki.

Mai Turare, Jekadafari: Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Jera kayan nan ne ban iya ba.

Mai Lalle, Bolari: Ina da amarya a Jekadafari ranar Asabar, Hajiya. Ki goge kwalaben ki tanadi farin kyalle, bayan La'asar zan biyo mu ɗauki hotuna tun da sauran haske.