'Ya'yan Mage Uku a Kwali: Gardama a Zauren Dangi

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena, ku yi haƙuri da saƙon dare. Jiya bayan an ɗauke ruwa muka tsinci 'ya'yan mage huɗu a kwalbatin bakin layinmu, uwar mota ta take ta. Ɗaya ba ta kai asuba ba, saura uku, ko idonsu bai gama buɗewa ba. Mu bakwai ne muke wannan aikin na ceton dabbobin titi tun bara, 'yan ajinmu da maƙwabta biyu, ba mai biyan mu. Muna neman wanda zai karɓi riƙonsu na kamar mako bakwai har su iya ci da kansu, sannan wanda zai ɗauka gaba ɗaya. Wanda ba zai iya ko ɗaya ba ya taimaka da kuɗin madara da allura, ko dubu ɗaya ce.

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, ni na ɗauka karatu aka tura ki. Bari in faɗa miki gaskiya tun da ba wanda zai faɗa: a ƙasar da magidanci ke fita da safe bai bar wa iyalinsa ko gwangwanin gari ba, tara kuɗi don mage almubazzaranci ne, kuma kwaikwayon Turawa ne. Gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa. Yau da na fito sallar asuba almajirai uku na tarar kwance a bakin shagona, ko tabarma babu. Su wa ya tara musu?

Yaya Babba: Kawu ya gama magana. A rufe taro da addu'a.

Baffa Malam: Ba a rufe ba tukuna. Alhaji, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Mutum yana gaba da dabba, kuma zakka ba ta zuwa ga mage, mutum takwas ɗin da aka lissafa a Suratut Tauba, aya ta 60, duk 'yan Adam ne. Amma yarinyar nan ba zakka ta roƙa ba, sadaka ta roƙa. Kuma kalmar kwaikwayon Turawa ka janye ta. Bukhari da Muslim duk sun kawo matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Sun kawo mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, aka ce musu akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Abu Huraira ma daga 'yar kyanwa ya samo sunan da muka san shi da shi.

Kawu: Malam, duk na san waɗannan. Mutumin can da huffinsa ya ɗebo ruwa, bai zagaya da ƙoƙon bara ba. Wanda ya ga mage ya ba ta sauran tuwo, ba ni da ja. Haɗa ƙungiya da neman gudummawa shi ne baƙon abu.

Anti ta Turkiyya: Kawu, da girmanka, nan ma ba baƙo ba ne. Ni da nake zaune a Istanbul, in na fito da safe kusan kowace ƙofar shago akwai kwanon ruwa da na abinci. Mai gyaran takalmin layinmu ya haɗa wa wata mage ɗan ɗaki da kwali da leda saboda hunturu, in ya tafi masallaci ita ke kwance a kan kujerarsa. Kuma abin ya daɗe. A garin Bursa tun ƙarni na 19 akwai gidan da aka ware don jinyar shamuwa, wadda ta karye ta kasa bin 'yan'uwanta ƙaura. A Alƙahira an san lambun da Sarki Baibars ya yi waƙafinsa don ciyar da maguna tun ƙarni na 13. Ƙungiyar kare dabbobi ta Ingila da ake yawan ambata sai 1824 aka kafa ta. To wa ya kwaikwayi wa?

Yaya Babba: Anti, can ai sun ƙoshi ne.

Anti ta Turkiyya: Halab ta Siriya fa? Muhammad Alaa Aljaleel direban motar asibiti ne, yana kwasar mutanen da bam ya rutsa da su, yana kuma ciyar da magunan da masu gudun hijira suka bari. A 2016 bam ya rushe wurin da yake tara su. Shi ma ƙoshin ne? Amma kada in yi muku kwalliya, nan ma ana gardama. A 2024 majalisarsu ta yi dokar kwashe karnukan titi zuwa wuraren ajiya, aka yi ta zanga-zanga, masu goyon baya kuma suna kawo hujjar yaran da karnuka suka ciza.

Yaya Dakta: Yauwa, an zo inda nake jira. Kawu, ni ba ta fuskar tausayi zan zo maka ba, ta fuskar almajiran nan naka zan zo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wane yaro ne ke kwana a waje, ke bi ta bola da asuba, ke jifar kare? Shi ne dai wanda ka tarar a bakin shagonka. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi. Abin da ke karya shi kuwa a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu haɗa allurar. Irin su Auta ne ke da ƙafar bin gida-gida su lallashi mai karen farauta ko na gadi ya fito da shi. Ita ma mage tana ɗaukar ciwon, shi ya sa ake yi wa 'ya'yanta allurar idan sun kai kamar wata uku.

Kuma don Allah ku riƙe wannan: in kare ko mage ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti ranar. Ba jira a ga ko karen zai haukace ba.

Kawu: Wannan magana ce. Amma Dakta, kai ma ka san abin da ya ƙona ni. Shekara biyu da suka wuce wani ya yi ta yaɗa hoton mara lafiya, muka tura abin da muka tura, daga baya ta fito hoton ma na wata ƙasa ne. In an ci da sunan mutum, da sunan mage fa, wadda ba ta da bakin kai ƙara? In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Auta: Kawu, kana da gaskiya, shi ya sa ba dole sai ta hannuna ba. Mai so ya sayo madarar ya aiko, ko ya biya likita kai-tsaye a ba shi rasiti. Muna da littafi, duk abin da ya shiga da wanda ya fita a rubuce yake, zan ɗauki hotonsa in turo. Kuma riƙon ya fi mana kuɗin. Bayan kowace awa biyu zuwa uku sai an ba su madara da sirinji, dare da rana, sai an goge musu ƙasan ciki da auduga mai ɗumi kafin su iya fitsari, kamar yadda uwar ke lasar su. Yanzu haka suna cikin kwalin taliya, na naɗe robar ruwan ɗumi da tsohon zanina na sa musu. Jarrabawa zan fara ranar Litinin.

Yaya Dakta: Wanda zai riƙe ya ji: ban da madarar shanu, zawo take sa su, akwai tasu ta musamman a shagunan magungunan dabbobi. Kuma ko da wasa kada a ba mage farasitamol, kashe ta yake yi.

Yaya Babba: To in sun girma su haifa mana wasu goma sha biyu, mu sake buɗe asusu?

Yaya Dakta: Tambayarka ta fi ba'arka. Cikin mage wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Shi ya sa ake dandaƙe namijin, a yi wa macen aiki. In ba haka ba ɗiban ruwa ne da kwando.

Baffa Malam: A nan malamai sun saɓa, wasu sun ƙi, wasu sun halatta in akwai maslaha kuma ba a azabtar ba. Mu da muke dandaƙe bunsuru don ya yi ƙiba ba mu da bakin zafafawa. Abin da zan ja kunne a kai, Auta, kada ku sayar. A Sahihu Muslim akwai hani kan kuɗin kare da na mage. Mafi yawan malamai sun sassauta a kan mage, amma ku fita daga saɓanin. Mai ɗauka ya biya kuɗin allura, shi ke nan.

Kawu: In tausayin dabba ake da gaske a fara da jaki. Shi ya ɗauki takinmu da hatsinmu shekara da shekaru, yanzu ana lodinsa a mota daga kasuwanni irin Maigatari a je a yanka don fatarsa ta tafi Sin a yi magani. Nijar ta hana fitar da jakai tun 2016, Tarayyar Afirka ta hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Talakan ƙauye da jakinsa ya gagare shi saye, wa ya yi masa kuka? Mage ce kawai ke da kyan hoto.

Auta: Kawu, jaki ba zai shiga kwali ba.

Gwaggo: Ku bar ta haka, kun sa yarinya a tsakiya. Auta, ki kawo min su gobe, ni dama barcin dare ya daɗe da yi min ƙaura, kuma ɓeraye sun gama da buhun gerona. Wace kala ce?

Auta: Allah Ya ƙara girma, Gwaggo! Ɗaya fara, ɗaya mai ruwan toka, ɗaya baƙa wuluk.

Gwaggo: A'a. Biyun dai. Baƙar mage ba ta kwana a gidana.

Baffa Malam: Hajiya, yanzu fa muka gama karanta hadisi.

Gwaggo: Na ji hadisin, Malam, kuma na yarda da shi. Kai ka ɗauke ta mana, ai gidanka da faɗi.

Baffa Malam: Sai na shawarci uwargida.

Kawu: Ni dai ko sisina ba zai shiga madarar mage ba, na almajiraina ne. Dakta, karnukan nan biyu na masu gadin layinmu, nawa ne allurarsu? Ka kira ni da safe.

Auta: Na gode muku duka. Gwaggo, ƙarfe takwas in sha Allah. Baffa, ita baƙar ce ta fi su jan sirinji, ina jiran amsar Inna. Bari in je, sun fara kuka.